Ɗalibin da Ke Duba Takardarsa da Kansa: Tsokaci a Kan Gwajin da Na'ura Ke Rubutawa

A ranar 4 ga watan Agusta na shekarar 2025, hukumar shirya jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, ta fitar da sakamakon jarrabawar kammala sakandare, inda aka bayyana cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne kaɗai na ɗalibai suka sami kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi. Hankalin iyaye da malamai ya tashi. Bayan kwana huɗu sai hukumar ta fito ta nemi afuwa, ta ce an sami tangarɗa wajen duba takardar Turanci ta zaɓi-ɗaya, domin an jera tambayoyin ne daban-daban don hana satar amsa, sa'an nan aka duba wasu takardu da jerin amsoshin da ba nasu ba. Da aka gyara, sai adadin ya koma kashi 62.96. Kafin wannan, a watan Mayu na shekarar, hukumar JAMB ita ma ta amsa cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, har aka sake musu jarrabawa.

Ba ƙirƙirarriyar basira aka ɗora wa alhakin waɗannan abubuwa biyu ba, kuma ba don haka na kawo su ba. Na kawo su ne domin mai karatu ya ga cewa wahalar shekara shida da yaro ya sha a makarantar sakandare, ko a Wanke yake ko a Tsafe ko a Bungudu, a yau tana ratsawa ne ta cikin wasu 'yan layuka na umarni da wani ya rubuta wa kwamfuta. Idan layukan nan suka karkace, maki ya karkace. Saboda haka tambayar wane ne ke gwada waɗannan layuka, kuma da wane mudu ake auna gwajin nasa, ba tambaya ba ce ta masana kwamfuta su kaɗai. Tambayar ta ƙara nauyi ne tun daga lokacin da manhajojin sarrafa harshe, irin su Copilot da ya fito a 2021 da ChatGPT da ya biyo baya a watan Nuwamba na 2022, suka fara rubuta umarnin, kuma suka fara rubuta gwajin da za a gwada umarnin da shi.

Mene ne gwajin gaɓa?

Kowace manhaja ta ƙunshi ƙananan gaɓoɓi, kowace gaɓa da aikinta, kamar yadda jikin ɗan Adam yake da ƙoda da hanta da huhu. Gwajin gaɓa shi ne a ware gaɓa ɗaya, a ba ta wani abu da aka riga aka san amsarsa, a ga ko za ta mayar da amsar da ake tsammani. Shi kansa gwajin 'yar ƙaramar manhaja ce, wadda ake iya kunnawa sau dubu ba tare da ta gaji ba. Wannan al'ada ta yaɗu sosai ne bayan da Kent Beck da Erich Gamma suka ƙera wani kayan aiki mai suna JUnit a shekarar 1997.

Bari mu ɗauki misalin da kowane malami ya sani. A ce wata makaranta ta sa an rubuta mata manhajar fitar da sakamakon ƙarshen zango, kuma dokar makarantar ita ce duk wanda ya sami maki 40 zuwa sama ya ci. Gaɓar da ke wannan hukunci ba ta wuce layi uku ko huɗu ba. To, sai mai rubutun ya yi tuntuɓen hannu, maimakon ya ce wa na'ura "idan maki ya kai 40", sai ya ce "idan maki ya wuce 40". A rubutun kwamfuta bambancin waɗannan jimloli biyu alama ɗaya ce tak. Mai maki 70 zai ci, mai maki 20 zai faɗi, komai zai tafi daidai a ido. Yaron da ya sami 40 cif shi kaɗai za a kayar, kuma ba zai san dalili ba.

Mu da muke karantar da ilmin halittu wannan bai ba mu mamaki ba, domin mun san abin da harafi ɗaya ke iya jawowa. Ciwon sikila, wanda babu unguwar da ba a san shi ba a ƙasar Hausa, asalinsa sauyin harafi ɗaya ne a cikin ƙwayar gadon da ke ƙera sinadarin jan jini, inda GAG ya koma GTG. Wannan sauyi ya musanya tubali guda a matsayi na shida na sarƙar sinadarin, kamar yadda binciken Vernon Ingram ya fara nunawa a Kambirij a 1956 da 1957. Sauran sarƙar duk lafiyarta lau. Haka nan kuma a shekarar 2006 wani masanin surar sinadaran jiki a Amurka, Geoffrey Chang, ya janye maƙalu biyar da ya wallafa, uku daga ciki a mujallar Science, saboda wata 'yar manhaja da ake amfani da ita a ɗakin bincikensa ta musanya jeri biyu na alƙaluma, ta juya masa surar da yake nazari.

Da wane mudu ake awo?

Rubuta gwaji aiki ne mai cin rai, shi ya sa masu rubuta manhaja da yawa suke gudunsa. Don haka ba abin mamaki ba ne da suka yi maraba da na'urar da za ka miƙa mata gaɓa, kafin ka kurɓi shayi ta jero maka gwaji ashirin. Abin tambaya shi ne, ta yaya za a san ko gwajin nan ashirin na kirki ne?

Mataki na farko da masu bincike ke dubawa shi ne ko gwajin zai ma tashi idan an kunna shi, domin waɗannan manhajoji sukan ƙago sunan wata gaɓa da babu ita, kamar ɗalibin da ya kawo sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba. A shekarar 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya wallafa abin da ya samu daga wani kayan aikinsa mai suna TestGen-LLM. A gwajin da aka yi a kan wasu sassa na Instagram, kashi 75 cikin ɗari na abin da ya rubuta ne suka haɗu yadda na'ura za ta iya karantawa, kashi 57 suka wuce ba tare da yau-eh-gobe-a'a ba, kashi 25 kuma suka taɓa wani wurin da tsofaffin gwaje-gwaje ba su taɓa ba. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Ga kamfanin da ke da tulin umarni kamar yashi, wannan riba ce, kuma ban ga laifin murnarsu ba.

Wannan adadi na ƙarshe shi ake kira ma'aunin ratsawa, wato kashi nawa ne na layukan manhaja gwaji ya bi ta kansu. Shi ne mudun da aka fi yawan ambato, saboda yana da sauƙin ƙirgawa kuma yana da daɗin faɗi a gaban shugabanni. Alal misali, wani kayan aiki mai suna TestPilot da aka bayyana a 2023, an gwada shi a kan tarin manhajoji 25, aka ce matsakaicin abin da ya ratsa ya kai kusan kashi 70 cikin ɗari na jimlolin umarni. To amma mu koma ga makarantarmu ta ɗazu. Idan na gwada gaɓar nan da maki 70 ta ce ya ci, na gwada ta da maki 20 ta ce ya faɗi, na bi ta kan kowane layi. Ma'aunin ratsawa zai ba ni ɗari bisa ɗari, alhali kuwa yaron nan mai maki 40 yana nan a kwance inda aka kayar da shi. Malamin gona da ya taka kowace kunya a gonar dawa, idonsa na kallon sama, ya ratsa gonar duka, amma bai ga ƙuduji ko ɗaya ba. Tun a 2014 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Waterloo ta Kanada, Laura Inozemtseva da Reid Holmes, suka nuna cewa idan aka cire tasirin yawan gwaje-gwaje, dangantakar da ke tsakanin ratsawa da iya kama kuskure ba ta da ƙarfi.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan zurfi, wadda a ganina ita ce cibiyar maganar. Kowane gwaji yana da rabi biyu: abin da za a ba gaɓa, da amsar da ya kamata ta bayar. Daga ina rabi na biyu zai fito? Idan mutum ne ke rubuta gwajin, zai tashi ya je ofishin mataimakin shugaban makaranta ya tambayi abin da doka ta ce. Ita kuwa manhajar harshe, in dai gaɓar kaɗai aka miƙa mata, ba ta da inda za ta samo amsa sai daga jikin gaɓar. Za ta karanta "idan maki ya wuce 40", ta fahimce shi sarai, har ma ta yi dabarar gwada maki 40 cif, sa'an nan ta rubuta cewa amsar da ake tsammani ita ce "ya faɗi". Gwajin zai wuce lafiya. An ɗauki kuskure an buga masa hatimi. Hasali ma ranar da wani ya zo ya gyara kuskuren, wannan gwaji ne zai yi kururuwa ya ce an ɓata manhaja.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, kayan aiki da yawa an tsara su ne su zubar da duk gwajin da bai wuce ba, a bisa zaton cewa na'ura ce ta yi shirme. Sau da yawa zaton gaskiya ne. Amma gwajin da ya kama kuskure na haƙiƙa shi ma ai faɗuwa yake yi, don faɗuwar ita ce alamar kamun. Rariyar da ke zubar da duk abin da ya faɗi, tana zubar da tsakuwa da zinariya tare. Masu bincike a Waterloo sun ja hankali a kan wannan a ƙarshen 2024. Irin waɗannan gwaje-gwaje suna da amfaninsu, domin suna gadin manhaja kada halinta ya sauya gobe ba da sani ba. Sai dai ba su ce komai ba game da ko halin nata na yau daidai ne.

Aron dabara daga ilmin halittu

Duk ɗalibin da ya taɓa gwajin sitaci da ruwan aidin ya san cewa malami nagari yakan ajiye yankan dankali a gefe. Idan aka ɗiga aidin a kan dankalin bai yi baƙi-baƙin shuɗi ba, to aidin ɗin ne ya lalace, kuma duk sakamakon ranar ya tashi a banza. Ba a yarda da ma'auni sai an ba shi abin da aka tabbata yana ɗauke da abin nema, an ga ya kama.

Masana kwamfuta suna da irin wannan dabara, kuma daga wurinmu suka ari sunanta. Richard Lipton ne ya fara kawo shawarar a 1971 yana ɗalibi, daga baya shi da DeMillo da Sayward suka faɗaɗa ta a 1978. Mu kira ta gwajin jirkitawa. Yadda ake yi shi ne, a ɗauki manhaja mai lafiya, a yi mata kwafi masu yawa, a cikin kowane kwafi a jirkita abu ɗaya da gangan: nan a mai da 40 ya zama 41, can a mai da tarawa ta zama ɗebewa, a wani a share layi guda. Sa'an nan a saki gwaje-gwajen a kansu. Duk kwafin da gwaji ya tona, an ce an kashe shi. Wanda ya sulale ya wuce kuwa, shi ke nuna inda katangar take da ɓaraka. Yawan waɗanda aka kashe shi ne makin mai rubuta gwajin, mutum ne ko na'ura.

Wanda ya tsira shi ne abin tsoro, kuma likitoci sun ga haka da idonsu. 'Yar sandar gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake amfani da ita a asibitocin karkara, galibinta tana neman wani sinadari ne mai suna HRP2 da ƙwayar cutar ke fitarwa. A 2010 aka ba da rahoton samun ƙwayoyin cutar a ƙasar Peru waɗanda suka rasa ƙwayar gadon da ke ƙera wannan sinadari. Mutum yana fama da zazzaɓi, sanda tana cewa babu komai. A Eritiriya abin ya yi yawa har sai da aka sauya irin sandar da ake amfani da ita a 2016. Sandar ba ta lalace ba, aikin da aka ƙera ta domin shi take yi. Tambaya ɗaya kaɗai ta iya, cutar kuwa ta koma inda tambayar ba ta kai ba.

Gwajin jirkitawa ba shi da arha, don yana cin lokacin na'ura, kuma wasu jirkitattun kwafin ba su da bambanci da na asali ta wajen aiki, saboda haka babu gwajin da zai kashe su. Bugu da ƙari, kuskuren da aka dasa da gangan ba kullum yake kama da wanda ɗan Adam ke yi da tsakar dare ba. Wani bincike na René Just da abokan aikinsa a 2014 ya gano cewa kimanin kashi 73 cikin ɗari na kurakuran gaske da suka duba suna da alaƙa da irin waɗannan jirkitattu, wato akwai saura da ba su da ita. Duk da haka ya fi ƙirga layuka nesa ba kusa ba, kuma shi kansa kamfanin Meta ya bayyana a 2025 cewa ya ƙera wani tsari da ke fara dasa kurakurai, sa'an nan ya sa manhajar harshe ta rubuta gwajin da zai kama su.

Wata hanyar kuma ita ce a gwada na'ura da kurakuran gaske da aka taɓa yi aka gyara. Akwai wani rumbu mai suna Defects4J da aka buɗe a 2014 da kurakurai 357 domin wannan aiki. Sai dai a nan malamai za su gane matsalar tun kafin in faɗe ta. Rumbun yana kan intanet shekara da shekaru, su kuwa manhajojin harshe daga rubutun intanet suka yi karatu. Jarrabawar da tambayoyinta da amsoshinta suka daɗe suna yawo a gari, hadda take aunawa. Duk wanda ya zo maka da babban maki daga irin wannan jarrabawa, ka tambaye shi ko an gwada na'urar da kuskuren da aka yi bayan ta gama karatunta.

Kada a ɗauka cewa ina nufin ɗan Adam gwani ne, na'ura ce kaɗai raggo. A 2021 kamfanin OpenAI ya fitar da wata jarrabawa mai tambayoyi 164, HumanEval, wadda mutane suka rubuta da hannu don auna yadda na'ura ke rubuta umarni, kowace tambaya da 'yan gwaje-gwajen da a matsakaici ba su kai goma ba. A 2023 masu bincike daga Jami'ar Illinois da Jami'ar Nanjing suka ninka gwaje-gwajen kusan sau 80. Nan take makin na'urori ya sauko, wasu da suke baya suka koma gaba, har ma aka tarar da kurakurai a cikin wasu amsoshin da mutanen suka ajiye a matsayin na daidai. Abin lura a nan shi ne yadda suka raba aikin. Sun yi amfani da ChatGPT wajen ƙago tambayoyi masu wuya da za a jefa wa gaɓa, amma amsar da ake tsammani daga wani wuri dabam suka samo ta. A ganina wannan rabo shi ne daidai. Na'ura ba ta gajiya da tunanin "idan aka ba ta sifiri fa? idan aka bar gurbin fayau fa?" Abin da ba ta da shi shi ne sanin nufin mai aikin.

Nufin mai aiki kuwa a nan gida yana da nasa launi, wanda manhajar da ta yi yawancin karatunta da Turanci ba lalle ba ne ta tuna da shi sai an tunasar da ita. Ka sa kwamfuta ta jera sunayen aji bisa haruffa ta hanya mafi sauƙi, za ka tarar Ɗanladi da Ƙasimu sun faɗa can bayan Zainabu, domin lambobin da aka ba haruffanmu masu lanƙwasa suna bayan na Z. 'Yar alamar nan da ke tsakiyar Sa'adatu da Mu'azu ta sha rikita manhajar da ba a rubuta da lura ba, saboda a yawancin harsunan kwamfuta alama ce ta buɗe zance ko rufe shi. Ga ɗalibin da bai zauna jarrabawa ba: sifiri za a ba shi a raba da shi, ko a cire shi daga lissafin matsakaicin aji? Ga 'yan biyu masu maki ɗaya: wa zai zo na uku? Waɗannan hukunce-hukunce ne na makaranta, kuma ba a rubuce suke a jikin umarni ba. Matasan da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, su ne za su rubuta wa makarantunmu da asibitocinmu da ƙungiyoyin manomanmu manhaja, kuma da taimakon waɗannan na'urori za su rubuta. Ban ga dalilin hana su ba. Abin da nake nema a wurinsu shi ne, kafin su nuna wa na'ura umarnin, su fara zama da mai aikin, su rubuta amsoshin da ake tsammani da hannunsu, su ba na'ura bayanin doka maimakon gaɓar kaɗai, sa'an nan idan ta kawo gwaje-gwajenta, su ɓata layi ɗaya da gangan su ga ko za ta yi haushi. Kuma duk gwajin da ya faɗi, a karanta shi da ido kafin a jefar.

'Yan'uwana malaman sakandare, wannan darasi ba ya bukatar wutar lantarki, balle kwamfuta. Ku rubuta dokar cin jarrabawa a kan allo cikin layi huɗu. Ku raba aji gida biyu. Rukuni na farko su kwafi dokar a takardu goma, a cikin kowace su sauya abu ɗaya a ɓoye. Rukuni na biyu a ba su damar zaɓen maki biyar kacal da za su gwada takardun da su, tare da rubuta amsar da ta dace da kowane. Da farko za su zaɓi 90 da 10 da 50, kuma yawancin takardun za su tsira. A zagaye na biyu ko na uku za ku ji wata yarinya daga bayan aji ta ce a gwada 39 da 40 da 41.